Ranar da Inna Ta Ce In Raka Ta Kasuwa

Akwai maganganu biyu da kuka taso kuna ji a cikin dangi, kuma duka biyun ba a faɗe su daidai ba. Ta farko a kaina ce: wai boko ya cire mini kunya, shi ya sa nake kiran ɗan farina da sunansa gatsau a gaban surukai da baƙi, ina ɗora shi a cinya kamar ba a ƙasar nan aka haife ni ba. Kakarku ta wajen uba, Allah Ya jiƙanta, har ta koma ga Mahaliccinta ba ta daina mita a kan haka ba. Ta biyu a kan mahaifiyata ce, Inna, wadda a cikinku Haruna kaɗai ya yi wayo da ita: wai an zo an gaya mata ɗanta na kwance rai a hannun Allah, ta ce me za ta je ta yi, ta ci gaba da tankaɗenta. Da kunnena na ji 'yar'uwarku Bilki tana ba 'ya'yanta wannan labari a sallar da ta wuce, tana cewa mutanen da zuciyarsu dutse ce. Ban tanka ba, saboda akwai yara a wurin. Amma a cikin waɗanda suka tsaya a tsakar gidan nan ranar, ni kaɗai na rage, kuma idan na tafi da abin da na sani, an binne Inna sau biyu ke nan. Shi ya sa na ɗauki alƙalami. Allah Ya ba ni ikon faɗin gaskiya, ko da a kaina za ta faɗo.

Haihuwa shida Inna ta yi, mu biyu muka rayu: Yaya Haruna, ɗan fari, sai ni Hajara, da ake ce wa Hajo, tsakaninmu shekara takwas da kaburbura huɗu. Inna 'yar Furana ce, daga gidan Fulanin da suka daɗe da zama suka kama noma, aka kawo ta Ikara gidan su Baba. A wajensu kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. Uwa ba ta faɗin sunansa, ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta yabonsa, ba ta tambayar lafiyarsa a gaban mutane. Ana yaye Yaya Haruna aka kai shi Gubuchi wajen Goggo Dije, yayar Baba, wadda Allah bai ba haihuwa ba. Can ya girma, can ya yi karatun allo, can ya shiga aikin mazarƙwaila a fadamun da ke tsakaninsu da Kudan, inda doki ke zagaye yana juya injin matse rake, shi kuma yana tsaye kan tukunyar dahuwa da muciya tun safe har rana ta yi sanyi. Duk rigar da ya saka ƙanshin ƙonannen zaƙi take yi. Har yau in na wuce mai tallar mazarƙwaila sai na kau da kai.

Yakan zo Ikara da salla, da kuma in aikin rake ya yi sauƙi. Ba ya ƙarasawa ƙofar ɗakin Inna, a gindin rumbu yake durƙusawa, ya cire hula ya riƙe.

"Salamu alaikum. Inna, ina wuni?"

Sai ta juya wa tukunya fuska kamar a ciki aka yi maganar.

"Hajo, an yi sallama, ba ki ji ba ne?"

"Inna, ai ke ake gaisarwa."

"Ki tambayi baƙon yaya ya baro mutanen can."

Shi kuwa sai ya gimtse dariya ya dube ni.

"Malama Tafinta, ki ce da matar gidan suna lafiya, suna gaishe ta. Ki ƙara da cewa baƙo ya jiyo ƙanshin dambu tun daga bakin rafi."

"Ki ce masa ba don kowa aka yi ba. Ni na ji marmarinsa."

Inna ba ta cin zogale, ɓata mata ciki yake yi, gidan kowa ya sani. Amma duk ranar da aka ce baƙon Gubuchi na tafe, tun da hantsi za ka gan ta a bayan ɗaki tana tsigar zogale, ta turara dambu har ƙwarya biyu, ta zuba masa man gyaɗar da take ɓoye a bayan tukwane. Shi ma in ya kawo mazarƙwaila sai ya ajiye a gindin rumbun ya ce tsarabar Hajo ce. Ni in ci ɗaya, sauran su ɓace. Sai bayan watanni in gan su a ƙasan tukunyar Inna, a nannaɗe cikin tsumma, ba ta ci ba, ba ta bayar ba. Tafinta da yake kirana, daga tafintan Nasara ya samo, mutumin nan da ke tsayawa tsakanin Bature da hakimi in an zo rangadi. Ni ce bakin Inna, ni ce kunnenta. Amma yarinya ce ni, ina ɗaukar saƙo ne kamar yadda ake ɗaukar tulu a rufe, ban san abin da ke ciki ba.

Akwai abin da ku 'yan yanzu ba ku sani ba game da irin wannan kunya, kuma ni ma sai da na yi asara na san shi. Ba ita kaɗai take tafiya ba, tana da abokin aiki. Uwa za ta ƙi, sai wani babba ya tilasta ta, sai ta yi abin da dama shi ne a ranta, kamar an sa ta dole. A gidanmu wannan aikin Kaka Yalwa ce ke yinsa, mahaifiyar su Baba. Ita ce za ta ɗaga murya daga kan tabarmarta:

"Ke, tashi ki miƙa wa yaron nan ruwa! Ko so kike in tashi da wannan gwiwar tawa?"

Sai Inna ta tashi tana ɓata rai, ta kai masa ruwan har hannu, ta ɗan daɗe kafin ta saki moɗar. Kaka Yalwa ta rasu da damina. Ba wanda ya lura cewa da ita aka binne wannan aikin, kuma ba a naɗa kowa a gurbinta ba.

Bazarar da ta biyo baya ita ce ta sanƙarau. Na sha zafi a rayuwata, ban sake ganin irin na wannan shekarar ba. Ruwan randa kansa ɗumi yake yi, kaji suna buɗe baki a inuwa. Mutum zai tashi da ciwon kai da safe, kafin la'asar wuyansa ya sandare, bayansa ya lanƙwashe, wani kafin kwana biyu an kai shi. Mai shela ya zaga gari da umarnin da ya zo daga Zariya: a rufe makaranta, a daina taron biki, a rufe kasuwanni har da ta Makarfi, kuma duk wanda ya kamu a fitar da shi zuwa bukkokin da hukumar En'e ta kafa a bayan gari ta kewaye da zana. Duba-gari suna shiga gida gida. Mutane suna ɓoye marasa lafiya a rumbu da bayan tukwane, don ana cewa wanda ya shiga zana ba ya fitowa. Ba gaskiya ba ce duka, akwai wasu fararen ƙwayoyi da malaman asibiti ke bayarwa, kuma na ga waɗanda suka fito da ƙafarsu, wasu kurame, wasu lafiya lau. Baba ba ya gida, an ɗebe su aikin hanyar mota tun kafin zafi ya tsananta, gidan yana hannun yayansa, Baffa Garba. Ina aji uku a elementare lokacin. Da aka rufe makarantar sai Baffa ya ce a kai ni Gubuchi, wai ƙauye ya fi iska.

Kwanana tara a can Yaya Haruna ya dawo daga fadama da rana tsaka yana riƙe da kai. Goggo ta so ta ɓoye shi, maƙwabta suka ji tsoro suka gaya wa dagaci, washegari aka ɗauke shi a kan ƙyauren ƙofa zuwa bukkokin da ke hanyar Makarfi, inda ake tara mutanen ƙauyukan yankin gaba ɗaya. A ƙofar akwai ɗan doka da wani malamin asibiti mai takarda. In ka kawo kunu sai ka faɗi sunan mai shi, a duba, a karɓa, wani lokaci a bar mutum ɗaya ya leƙa. Ni kuwa da ƙanƙantata na gano wani wuri ta baya inda gara ta ci zanar, daidai bukkar da yake kwance. Nan nake tsugunawa in yi masa magana. A kwana na uku Goggo ta kama kafaɗata.

"Gobe akwai tsohuwar da za ta wuce Furana ta Ikara, za ki bi ta. Ki je ki taho da uwarki. Ki ce yana kiranta."

Ba ta ce mini ki ja ta ɗaki ba. Ta ɗauka na sani, don wace 'yar gida ce ba ta san wannan ba? Ni kuwa a makaranta an koya mana cewa saƙo ana tsayawa ne a miƙe, a faɗe shi da murya sarai yadda kowa zai ji, har yabona malam yake yi a kan haka. Muka isa Ikara rana ta take. Na tarar da tsakar gida cike: Baffa Garba a kan tsani yana gyaran jinkar rumbu kafin ruwa, matarsa da maƙwabta biyu suna sussuka a inuwa, Inna na zaune a ƙofar ɗakinta da rariya tana tankaɗe. Ko ruwa ban sha ba. Na tsaya a tsakiya, na haɗe ƙafafu.

"Inna, Goggo ta ce ki zo. Yaya Haruna na cikin zana, wuyansa ya sandare, yana ta kiranki."

Taɓarya ta tsaya. Kowa ya juyo yana kallon Inna, har Baffa daga kan tsani. Na ga rariyar ta tsaya a hannunta kamar na ƙiftawar ido uku. Sannan ta ci gaba da kaɗawa.

"Allah Ya sawwaƙe. Ni me zan je in yi? Ba ga uwarsa can ba?"

A nan ne Kaka Yalwa za ta ce, ke, ajiye rariyar nan ki ɗauki mayafinki. Na tabbata kunnen Inna wannan muryar yake jira. Matar Baffa ta dubi mijinta, shi ya dubi jinkarsa. Ba mugun mutum ba ne, tsoron ciwon yake ji, kuma namiji ne, bai taɓa sanin cewa ana tilastawa ba.

"Madalla da 'yar mutunci," in ji shi. "Addu'a ita ce magani. Allah Ya ba shi lafiya."

Da wannan yabon ya rufe mata ƙofa ya sa sakata. Ni kuma ban ga komai ba sai garin da ke zuba daga rariya. Ban ga cewa ta tankaɗe garin nan sau uku ba, sai daga baya matar Baffa ta gaya mini. Zuciyata ta cika da ƙinta. Na ƙi cin tuwonta, na kwana ɗakin matar Baffa, da ta aiko a kira ni na yi kamar barci nake. Da na shiga ɗakin nan, da ta gaya mini abin da take shiryawa, ko ta yi mini nuni. Gari na wayewa na bi masu jakuna na koma Gubuchi ba tare da na yi mata sallama ba.

Kai tsaye na wuce bayan zana. Yana kwance ta gefe, kansa ya ja baya, leɓunansa sun tsage. Ya gane muryata.

"Tafinta. Ina matar gidan?"

"Ta ce ba za ta zo ba."

Haka na faɗa masa, 'ya'yana. Mutum na kan gargara na kai masa wannan, saboda ina so wani ya taya ni jin haushi. Ina jin numfashinsa. Can ya ce:

"A gaban wa kika faɗa mata?"

"A gaban kowa. Har Baffa."

Sai na ji wani sauti da na ɗauka tari ne, ashe dariya yake ƙoƙarin yi.

"Kai, 'yar boko. To za ta zo. Ki tsaya kusa, kin ji? Ba za ta iya tambaya ba."

Daga nan ya shiga kiran dokin injin rake, yana cewa a rage wuta tukunya za ta ƙone. Sai na haɗa maganar duka na ce sambatun zazzaɓi ne.

Kwana biyu bayan haka, Goggo ta yi sammako zuwa Kudan wajen wani malami karɓo rubutu, ta ce in kai kunun safe in dawo in tsare gida. Na kai, na leƙa, bai gane ni ba. Ina zaune a zaure da hantsi sai ga Inna ta yi sallama, ƙafafunta fari fat da ƙura, ƙwarya a kanta an rufe da faifai. Tun asuba ta taso daga Ikara a ƙasa, ita kaɗai, matar da ko rijiya ba ta zuwa sai da rakiya. Akwai matan maƙwabta biyu a zauren suna tsinkar auduga. Ta gaisa da su a tsanake, ta tambayi gajiya, ta tambayi zafi. Ba ta tambayi kowa ba. Sannan ta dube ni.

"Hajo, tashi ki raka ni kasuwar Makarfi. Tukunya nake so in saya."

Kasuwar Makarfi a rufe take kusan wata guda. Na sani, ta sani, matan nan sun sani. Na ga ɗayarsu ta sunkuyar da kai tana share ido da bakin zane. Ko akuya aka gaya wa wannan magana ta gane. Amma ni abin da na ji kawai shi ne tukunya. Ɗanta na mutuwa, ita tukunya ta dame ta. Ban iya yi mata rashin kunya ba, ba a yi mana wannan tarbiyyar ba, sai na yi abin da ya fi rashin kunya muni.

"Ƙafata ke ciwo, Inna. Ƙaya na taka."

Ta dubi ƙafar, ta dubi fuskata. Ɗaya daga cikin matan ta ce, "Haba Hajo, daure mana," amma ba ta matsa ba, ita ma tana ganin ba huruminta ba ne. Inna ta gyara ƙwaryar a kanta.

"To, Allah Ya sawwaƙe. Zauna."

Abin da ya faru a ƙofar zana ban gani ba. Shekara goma sha ɗaya na yi ban sani ba, sai da ita da bakinta ta gaya mini. Ta isa, ta tarar da mata zaune a gindin ɗorawa suna jira, a cikinsu har da wasu 'yan Ikara da suka san gidanmu. Malamin asibitin baƙo ne, ba ɗan yankin ba.

"Baiwar Allah, wa kike nema?"

"Yaron gidan Dije."

"Dije nawa ne a ƙasar nan? Mutanen gari nawa ke cikin nan? Sunansa za ki faɗa."

"Mai aikin rake ne."

"Rabinsu masu aikin rake ne. To, sunan ubansa?"

Sunan miji kuma. Shi ma bakinta ba zai iya faɗa ba. Mutumin ba wulaƙanta ta ya yi ba, aiki ya yi masa yawa, ya ɗauka ruɗewa ta yi.

"Koma inuwa ki huta, in kin tuna ki zo."

Ta koma gindin ɗorawa ta zauna da ƙwaryarta a cinya, tana kallon hanyar Gubuchi. Ta ce lissafinta shi ne dole ni ko Goggo wani ya zo da kunun yamma, sai ta bi bayansa kamar rakiya ta yi. Ta yi azahar a wurin da taimama. Tana jin nishin mutane ta cikin zana, tana ƙoƙarin ware nasa, ta ce ba ta iya ba, domin ba ta san muryarsa ta ciwo ba, tun yana ɗan shekara biyu wata ce ke jinyarsa. Da inuwa ta karkata ba ta ga kowa ba, sai ta tashi. Ta tsaya gaban mai takarda, a gaban matan Ikara, ta faɗi sunan da ba ta taɓa furtawa ba tun ranar da aka raɗa shi.

"Haruna."

Ya bi takardar da yatsa.

"Haruna na Gubuchi? Inna lillahi. Ai bayan azahar aka fitar da shi, ta ƙofar baya. An riga an rufe, ba a jira da masu wannan ciwon. Ke wace ce tasa?"

Ta ce ta buɗe baki ta faɗa, abin da ya fito shi ne:

"Maƙwabciya."

Tana zaune a gindin bishiyar ya cika, tsakaninsu bai fi taku arba'in ba. Ramin da gara ta ci a zanar yana nan ta baya, ni kaɗai na san shi, ina zaure na ɗaure lafiyayyar ƙafa da tsumma. Dambun da ke cikin ƙwaryar ta bar wa matan da ke jira.

Kafin ta dawo ɗan aike ya riga ta, gida ya cika da kuka, Goggo ta dawo da rubutunta a gora tana faɗuwa ana riƙe ta. Inna ta shigo gab da magariba ba ƙwarya. Ta tsaya a kaina.

"Ƙafar ta yi sauƙi?"

"Ta yi."

"Madalla."

Iyakar abin da ta taɓa ce mini a kan wannan rana ke nan, har na yi aure. Goggo aka yi wa ta'aziyya, ita ce uwa. Inna ta ɗaura ɗamara ta shiga ɗiban ruwa da daka wa masu zuwa gaisuwa, idonta a bushe. Wasu suka ce kai, wannan akwai kunya; wasu suka ce akwai taurin zuciya. Labarin da ya iso kunnen Bilki ke nan. Ba wanda ya lura cewa bishiyar zogalen bayan ɗakinta ta sa an sare ta kafin damina, kuma ba a sake turara dambu a gidanmu ba. Baba ya dawo daga aikin hanya bayan kwana ashirin ya tarar da kabari. Ni kuma aikin tafinta ya ƙare, ba sauran wanda za a yi wa. Da aka zaɓe ni zuwa makarantar 'yan mata ta kwana, murna na yi, ba don karatun ba, don in daina ganin ƙofar ɗakin nan. A can ne, a darasin kiwon lafiya, wata malama ta zana mana yadda sanƙarau ke kama mutum, na amsa tambayoyin duka daidai. A lokacin na riga na gane tukunyar da Inna ta zo saya. Ba wanda ya fassara mini, girma ne kawai ya zo, ya tarar da ni da abin a hannu.

Da na zo goyon ciki na fari gida, na haifi namiji, na roƙi mahaifinku ta bakin ƙanwarsa a sa masa Haruna, ya yarda. Mata suka ce to sai a nemi laƙabi saboda Inna, aka tsayar da Magaji. Wata safiya a cikin kwanakin jego, ta gama yi mini wanka da ruwan zafi da ganye, muna ɗaki mu biyu, jaririn na cinyarta. Ba tare da ta dube ni ba ta fara ba ni labarin gindin ɗorawa, daga farko har maƙwabciya, da murya ɗaya kamar mai karanta wasiƙar wani. Da ta gama ta ce:

"Abu ɗaya ke cina. Ya tafi yana cewa na ƙi zuwa."

Shekara goma sha ɗaya ina riƙe da maganin wannan ciwon, na hana ta, saboda in na ba ta sai na tona kaina. Na durƙusa a gabanta da ɗanyen jiki na faɗa mata duka: abin da na gaya masa, da tambayar da ya yi, da dariyar, da ki tsaya kusa ba za ta iya tambaya ba, da ƙayar da ban taka ba.

"Ƙayar na sani," in ji ta. "Sake faɗa mini abin da ya ce."

Na sake.

"Ya ce za ta zo?"

"Ya ce za ta zo, Inna."

Ta miƙo mini jaririn, ta ce bari ta duba wutar ruwa. Wutar da aka riga aka kashe. Ta daɗe a bayan ɗaki, wajen kututturen zogalen, ni kuma ban bi ta ba, wannan karon na gane. Da ta dawo ta zauna, ta ce:

"Wannan, ki kira shi. Ki kira shi a gaban kowa. In sun yi magana ki ce boko ne, ni ba zan ƙaryata ba."

To kun ji inda rashin kunyata ta samo asali. Umarnin uwata nake bi, boko aro aka yi aka rufa masa. Ban ce ku zubar da kunya ba, ita ce suturar gida, kuma na ga gidajen da suka yar da ita yadda suka koma. Amma in mutumin ƙasar nan ya ce muku a'a a gaban jama'a, ku bi shi ɗaki ku sake tambaya. In kuka ga wanda nauyi ya ɗaure wa baki, ku zama masu tilasta shi, kada ku tsaya yabonsa. Kuma in babba ya ce ku raka shi wurin da kuka san a rufe yake, ku ɗauki takalmanku. Na yi istigfari a kan ƙafar nan fiye da yadda zan iya ƙirgawa, Inna ta yafe mini tun a ɗakin jegon, ina kuma kyautata zato ga Ubangiji. Amma yafiya ba ta mayar da azahar ɗin nan baya. Goggo Dije ta rasu ba ta san Inna ta je ƙofar zana ba, Baba ma haka, domin ta hana ni faɗa muddin tana raye, ni kuma na wuce wa'adin da shekaru masu yawa saboda tsoron ranar da za ku dube ni da wannan labarin a idonku.

Haruna, kai za ka tuna. Kowa na gidan Ikara Magaji yake ce maka, ban da ni da tsohuwar nan da kake cewa ta cika damu. Kana tsakiyar wasa a gindin rumbu za ta ɗaga murya daga ƙofar ɗaki, yadda har na zaure sai sun ji.

"Haruna!"

Ka taho da gudu, kana haki.

"Na'am, Inna. Me zan yi?"

Ta dube ka tun daga kai har ƙafa, ido cikin ido, ta daɗe.

"Ba komai. Je ka abinka."

A wuni ɗaya sai ta yi maka haka sau biyar, har ka zo kana yi mini ƙorafi, kana cewa in tambaye ta abin da take so. Na ce maka ban sani ba. Wannan ma ƙarya ce, ka yafe mini.